Me ya sa Sin ta kasa raba Koriya ta Arewa da makaman nukiliya?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa ƙasar Sin ce ta shiga tsakani a rikicin nukiliyar Koriya ta Arewa. Tunda ita ke riƙe da tattalin arzikin Koriyar, me ya hana ta tilasta mata ajiye makaman?

Amsa: Ta shiga tsakani, kuma ta yi rawar gani da farko. Bayan Koriya ta Arewa ta fice daga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya a Janairun 2003, Amurka ta ƙi zama da ita su biyu kaɗai, ita kuwa ba ta son kowa sai Amurka. Sin ce ta samo mafita: ta tara su a Beijing a Agustan 2003 tare da Koriya ta Kudu da Japan da Rasha. Wannan ce tattaunawar ƙasashe shida. Wang Yi ne ya fara jagorantar tawagar Sin, daga baya Wu Dawei ya karɓa.

An ma kai ga matsaya. Ranar 19 ga Satumbar 2005 Koriya ta Arewa ta amince za ta yi watsi da makamanta, Amurka kuma ta ce ba ta da niyyar kai mata hari. Amma a cikin watan nan Ma'aikatar Kuɗi ta Amurka ta zargi wani banki a Macau, Banco Delta Asia, da halasta kuɗin haram, aka riƙe kusan dala miliyan 25 na Koriyar. Kuɗi kaɗan ne a harkar ƙasashe, amma sun isa su wargaza zaman. A Oktoban 2006 Koriya ta Arewa ta yi gwajin nukiliyarta na farko. An sake ƙulla wata yarjejeniya a Fabrairun 2007, ta rufe tasharta ta nukiliya da ke Yongbyon domin a ba ta baƙin mai, sai aka cije kan yadda masu bincike za su tantance gaskiyarta. A Afrilun 2009 ta fice, ba a sake zama ba.

To, batun tilastawa. Gaskiya ne sama da kashi 90 cikin ɗari na cinikin Koriya ta Arewa da Sin take yi. Sai dai mai rabon faɗan nan katangarsa haɗe take da gidan da ake faɗan. Iyakarsu ta kai kimanin kilomita 1,400. In Sin ta toshe mai da abinci har gwamnatin Pyongyang, babban birnin Koriya ta Arewa, ta rushe, ita za ta karɓi 'yan gudun hijira, kuma sojojin Amurka da ke Kudu na iya matsowa bakin kogin Yalu da ke kan iyakarta. A ganina, Beijing ta fi tsoron wannan fiye da bam ɗin, kuma shugabannin Koriyar sun san haka sarai.

Sannan abin da Pyongyang ke nema, wato tabbacin tsaro da janye takunkumi, a hannun Amurka yake. Sin ba ta da shi balle ta bayar.

Sin dai ta goyi bayan takunkuman Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya har zuwa 2017, shekarar da Koriyar ta yi gwaji na shida. Amma a Mayun 2022, da dangantakarta da Amurka ta yi tsami, ita da Rasha suka hau kujerar naƙi kan ƙarin takunkumi.