Ina son zama editar mujallar ado, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a aji biyu a jami'a, ina karanta aikin jarida. Burina in zama editar mujallar ado da kwalliya. Me zan fara koya? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Fara da sanin yadi. Editar da ba ta rarrabe shadda mai kyau da ta bogi a hannu, tela ma sai ya raina ta. Ki riƙa zama wurin masu ɗinki, ki san sunan kowane salo da kuɗinsa.

Sai aikin ɗab'i, inda sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe. Shafukan mujalla huɗu-huɗu suke tafiya, 32 ko 48 ko 64, saboda naɗe takarda ake yi. Dole hoto ya kai 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, don ya fito tangaran. Wanda aka turo ta WhatsApp an matse shi, a takarda dishi-dishi zai fito. Allon kwamfuta da RGB (haɗin hasken ja, kore da shuɗi) yake aiki, injin bugu kuwa da CMYK (haɗin tawada kala huɗu), shi ya sa jan gyale mai sheƙi kan fito a dushe. Kada ki sa hannu sai kin ga samfurin bugu. Ki bar rarar milimita 3 a gefen shafi don wuƙar yanka.

Fitowar Sallah tun watanni uku kafin ta ake tsara ta. Ƙarƙashin kowane hoto a sa sunan tela, mai hoto da mai kwalliya. Mantuwa da suna ɗaya na iya sa mai talla ya janye tallarsa. A kuma karɓi izinin wadda aka ɗauka a rubuce.

Ki koyi InDesign, manhajar tsara shafuka, lokacin SIWES (zuwa koyon aiki na ɗalibai) kuma ki nemi gidan mujalla ko maɗaba'a.