Uwar mijina ta ce ni ce nake karya ɗana

Anti salamu alaikum, dan Allah ki ba ni shawara kafin zuciyata ta buga. Ɗana shekararsa huɗu, tun yana jariri ƙashinsa ke karyewa, wani lokacin wando kawai nake saka masa sai ya tsanyara kuka. Da muka je asibitin ƙashi na Dala likita ya duba hoton ƙashin, ya kalli farin idonsa da ya yi shuɗi-shuɗi, ya ce haka aka haife shi, ƙashin ne babu ƙwari. Amma Hajiya uwar mijina ta ce sakacina ne, wai ban iya riƙon yaro ba, wai su a danginsu ba a taɓa yin haka ba, kullum maganar kenan, a gaban baƙi, a gaban faccalolina. Rannan har ɗaki ta kawo mai ɗori zai ja ƙafar, na tare ƙofa na ce sai dai a bi ta kaina, ni da a da ko ido ba na iya haɗawa da ita. Shi kuma babansa wai in ba ta haƙuri. Haƙurin me? Na daina zuwa biki, na ajiye kitson da nake yi, yayarsa ma na ce ta zauna gida ta riƙa taya ni, duk saboda yaron nan, amma ni ce mai sakaci. Ni ce mai sakaci Anti?

Maman Abba, Kurna

Maman Abba, ni ba na shiga tsakanin mace da uwar mijinta, amma a nan Hajiya ba ta da gaskiya. Ciwon nan matsalar kolajin ce, sinadarin da ke ba ƙashi ƙwari. Ana gadonsa, ana kuma haifar yaro da shi ko babu mai shi a dangi. Jan ƙafar irin yaron nan ƙarin karaya ne, tare ƙofar da kika yi daidai ne. Ki ba ta haƙurin ɗaga murya kawai, ranar ganin likita kuma ki tafi da ita ta ji da kunnenta.

Amma me na ji kin faɗa kika wuce da sauri? Yayarsa ta zauna gida? Ke da kika iya tsayawa gaban Hajiya, ki tsaya wa wannan ma. Ɗaukar yaron nan sai wanda ya iya, ba a ɗaga shi ta hammata, ba a kama ƙafafunsa a ɗaga wajen tsarki, hannu ɗaya ne a kai da baya, ɗaya a mazaunai. In ya karye a hannunta, abin da Hajiya ke miki shi yarinyar za ta riƙa yi wa kanta.

Ku kuma iyaye mata, wannan halin namu ne, da gida ya samu mara lafiya sai 'ya mace ta zama nas, namiji yana tafiya makaranta abinsa. Ba ita ta haife shi ba.

Ranar Litinin ta saka yunifom. Babansa ya koyi ɗaukar ɗansa, ke kuma ki tambayi likita maganin ƙarfafa ƙashi da ake sakawa ta ƙarin ruwa. Karayar ma yawanci tana raguwa bayan balaga.