Amsa: Postfix ya ƙi karanta jerin waɗanda aka toshe daga MySQL

Malam, ka ce sabar makarantarku a Samaru tana mayar da saƙonni da "451 4.3.0 Temporary lookup failure" tun da ka haɗa check_sender_access, ƙa'idar da Postfix (manhajar sabar imel) ke tace masu aiko saƙo da ita, da rumbun bayanai na MySQL. Wannan kuskuren yana nufin Postfix bai samu amsa daga rumbun bayanan ba, don haka kada ka taɓa ƙa'idar tacewar tukuna.

Fara da postmap -q, umarnin gwada neman adireshi a jerin, ka ba shi adireshin da ka toshe da fayil ɗin mysql:/etc/postfix/ naka. In ya dawo da REJECT alhali saƙo na ci gaba da faɗuwa, ina zargin chroot ne, wato killace manhaja a cikin folda ɗaya ta yadda ba ta ganin fayilolin da ke wajenta. Idan ka rubuta hosts = localhost, Postfix zai nemi soket na Unix (fayil ɗin da ake haɗuwa da MySQL ta cikinsa), kuma smtpd, sashen Postfix mai karɓar saƙonni, da ke cikin chroot, kamar yadda Debian ke saita shi, ba ya ganinsa. Mayar da hosts zuwa 127.0.0.1, ko ka sa proxy:mysql: a maimakon mysql: a check_sender_access. Ni na fi son na biyun, don yana rage yawan haɗi da rumbun.

Duba postconf -m ma, wanda ke lissafa nau'o'in teburin da Postfix ke iya karantawa, ko mysql na ciki. Sannan da yadda wuta ke ɗaukewa a Zariya, tabbatar MySQL na tashi da kansa bayan sabar ta sake kunnuwa.