Tambaya da Amsa: Me gwamnati ke dubawa kafin ta sayi jirgin sintirin teku?

Tambaya: Na ji an ce jiragen saman da ake saya don gadin ruwan Najeriya sun ninka irinsu na fasinja tsada, alhali a ido jirgi ɗaya ne. Waɗanne sharuɗɗa gwamnati ke gindayawa wajen sayensu? Me zai hana a sayi jirgi na yau da kullum a ɗaura masa kyamara? Kuma me ya sa bayan 'yan shekaru sai a ji jirgin yana ajiye ba ya tashi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, a ido kam jirgi ɗaya ne. ATR 42 guda biyu da Rundunar Sojin Sama ta yi odarsu daga Italiya a 2007, waɗanda aka girke a birnin Benin na Jihar Edo, gangar jikinsu ita ce ta ATR ɗin da ke jigilar fasinja. Haka Cessna Citation CJ3 biyu da NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta ƙasa, ta samu a shirin tsaron teku na Deep Blue na dala miliyan 195, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Legas a watan Yunin 2021: asalinsu jiragen 'yan kasuwa ne. Tsadar tana cikin kayan da aka cusa musu. Abin da gwamnati ke saya a zahiri shi ne sa'o'in gani a kan teku, kuma takardar kwangilar da ba ta faɗi yawan sa'o'in ba ta bar ƙofa a buɗe tun ranar farko.

Shi ya sa aikin yake farawa da takardar buƙata, wadda sojojin sama da na ruwa ke rubutawa kafin a ambaci sunan kowane kamfani. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kilomita 853, kuma ƙasa tana da haƙƙin arzikin ruwa har mil 200 na teku daga gaɓa, wato wajen kilomita 370. Me ake nema a cikin wannan fili? In jirgin ƙarƙashin ruwa ne, sai a nufi irin su P-8 Poseidon, wanda Indiya ta sayi takwas a kan dala biliyan 2.1 a 2009. Ciwon Mashigin Gini, yankin tekun da ruwan Najeriya yake ciki, ba shi ba ne. A 2020, cikin ma'aikatan jirgin ruwa 135 da aka yi garkuwa da su a duniya, 130 a wannan yanki aka ɗauke su, kuma masu ɗaukar a ƙananan jiragen ruwa masu gudu suke zuwa. Sai ɓarayin ɗanyen mai, da masu kamun kifi ba izini, da malalar mai, da ceton waɗanda jirginsu ya kife. Duk wannan aikin matsakaicin jirgi ne mai farfela biyu, irin ATR 42, C295, CN235 ko King Air 350.

Sharaɗi mafi muhimmanci a takardar shi ne tsawon zama a wurin aiki. Kamfani zai rubuta cewa jirginsa yana iya sa'a takwas a sama, amma wannan adadi bai cika amfani ba. Yadda ya kamata a rubuta shi ne: sa'a nawa zai yi yana shawagi a nisan mil 200 daga sansani, ɗauke da cikakkun ma'aikata da na'urori, a zafin rana irin namu, tare da ragowar mai na ko-ta-kwana. Jirgin da ke gudun mil 250 a sa'a zai ci minti 48 kafin ya isa, ya ci wasu 48 a dawowa. Sannan shawagi ƙasa-ƙasa ya fi shan mai, musamman ga jirgi mai injin jet. A nan ne CJ3 da ATR suka bambanta: na farko ya fi saurin isa inda aka yi kira, na biyu ya fi daɗewa in ya isa. Wanda bai tantance wanne yake so ba zai sayi ɗaya yana tsammanin aikin ɗayan.

Daga nan lissafin yawan jirage yake fitowa. A ce ana son sintirin sa'a shida kullum, da sa'a biyu na zuwa da dawowa. Sa'a takwas sau kwana 365 ya kama 2,920 a shekara. Jirgi ɗaya ba zai ɗauki wannan ba, domin akwai duban da ake yi masa bayan adadin sa'o'i, akwai babban gyara da ke cin watanni. Abin da masu aikin suka saba faɗa shi ne sai da uku ake tabbatar da ɗaya: ɗaya a sama, ɗaya a shirye ko a horo, ɗaya a hannun injiniyoyi. Ƙasar da ta sayi biyu, ranar da ɗaya ya tafi babban gyara ƙasar waje, ƙaramar matsala a na biyun ta isa ta rufe mata ido gaba ɗaya.

Yanzu batun kyamara. Kyamara ita kaɗai ba ta neman komai a teku, domin abin da take gani ɗan tsukuku ne. Rada, na'urar da ke aika sigina ta gano abu daga amon da ya dawo, ita ce ke nema. Ana ɗaura ta a ƙarƙashin cikin jirgi don ta zagaya kowace kusurwa, kuma nisan ganinta ya dogara da tsayin da jirgin yake: a ƙafa 10,000 iyakar ganinta wajen mil 123 ne, a ƙafa 1,000 bai wuce mil 39 ba. Wannan ga babban jirgin ruwa na ƙarfe ke nan. Kwalekwalen katako ko na roba yakan ɓace cikin amon igiyar ruwa har sai an matso sosai. Saboda haka sharaɗi mai kyau ba ya cewa "rada mai nisan mil 200". Yana cewa, alal misali, ta gano jirgin ruwa mai tsawon mita goma a nisa kaza, a lokacin da igiyar ruwa ta kai tsayi kaza, sau tara cikin goma. Da haka ne za a iya gwadawa a kama kamfani in ya gaza.

In rada ta nuna ɗigo, sai a haɗa shi da na'urar AIS, wadda dokar teku ta duniya ta wajabta wa jiragen ruwan da suka kai tan 300 masu tafiya tsakanin ƙasashe, tana sanar da suna da wuri. Ɗigon da rada ta gani amma AIS bai ambace shi ba, shi ne abin zargi. Sai a juya kyamarar rana da ta zafin jiki, irin Wescam MX-15, a karanta sunan jirgin, a ƙirga mutanen da ke kai. Lokacin hunturu hazo yakan rage ganin kyamara ƙwarai, har a kan teku, don haka gwajin karɓa da aka yi a sararin Turai mai haske bai isa hujja ba. Sauran kayan da ake lissafawa: rediyon jiragen ruwa mai tasha ta 16 ta kiran gaggawa, na'urar bin sautin neman ceto a mitar rediyo ta megahaz 406 da 121.5, tagogi masu kumburi don leƙen ƙasa, ƙofar jefa kwalekwalen ceto, da hanyar aika hoto kai tsaye zuwa cibiya a ƙasa. Wannan na ƙarshe ana yawan yi masa sakaci. Najeriya tana da cibiyar sa ido a teku ta Falcon Eye ta sojin ruwa, tana da ta Deep Blue, ga cibiyar shiyya a Kwatano da ta haɗa Najeriya, Jamhuriyar Benin, Togo da Nijar ƙarƙashin yarjejeniyar Yawunde ta 2013. In ba a rubuta cewa dole na'urar jirgin ta yi magana da waɗannan ba, hoton zai tsaya a cikin jirgi sai ya sauka. Kuma tunda dokar yaƙi da fashin teku ta 2019 ta ba da damar gurfanar da masu laifi, dole kowane hoto ya fito da lokaci da wuri a jikinsa, ta yadda lauya ba zai rusa shi a kotu ba.

Huda cikin jirgi a rataya rada ba aikin kowane gareji ba ne. Yana canja nauyi, da yadda iska ke bin jikin jirgin, da wutar da injin zai samar. Dole kamfanin ya kawo takardar amincewa da canjin daga hukumar jiragen sama ta Turai ko ta Amurka. Ingila ta ɗanɗana kuɗarta a nan. A 1996 ta ba da kwangilar sabunta tsofaffin jiragen sintirin teku samfurin Nimrod guda 21, aka tarar sabbin fukafukai ba sa zama daidai a tsofaffin gangar jiki, adadin ya yi ta raguwa har zuwa tara, aka soke shirin a 2010 bayan kashe sama da fam biliyan uku ba tare da ko ɗaya ya shiga aiki ba. Ƙasar ta yi kusan shekara goma ba ta da jirgin sintirin teku, sai da P-8 suka iso. Shi ya sa gwamnati mai hankali take sharɗanta cewa haɗin jirgi da na'urorin ya riga ya yi aiki a hannun wata ƙasa.

Ta fuskar doka, Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ce madogara, hukumar BPP mai sa ido kan sayayyar gwamnati kuma ita ke ba da takardar rashin ƙin amincewa kafin babbar kwangila ta je Majalisar Zartarwa. Dokar ta tanadi ajiyar neman kwangila da ba ta wuce kashi biyu cikin ɗari ba, da garantin cika aiki da bai gaza kashi goma ba. Sai dai sashe na 15 ya cire kayan tsaron ƙasa na musamman daga cikinta, in ba Shugaban Ƙasa ya amince a bi ta ba. Akwai hujjar sirri a wannan, amma a ganina an faɗaɗa ta fiye da kima. Mitar da rada ke aiki da ita sirri ce. Farashin taya da kuɗin horar da matuƙi ba sirri ba ne. Binciken sayen makamai da aka fara a 2015 ya nuna abin da ke faruwa in aka rufe komai da sunan tsaro. Ban da wannan, akwai takardar shaidar mai amfani na ƙarshe, wato mai nuna wanda kayan za su tsaya a hannunsa, daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, da lasisin fitarwa daga ƙasar da ta ƙera kowace na'ura. Jirgin yana iya zama na Italiya, injinsa na Kanada, wani ɓangare na kyamararsa na Amurka, kuma kowace ƙasa tana iya riƙe nata.

Biyan kuɗi daki-daki ake yi: kafin alƙalami da garantin banki, wani kaso bayan amincewa da zane, wani bayan gwaji a masana'anta, na ƙarshe bayan gwaji a nan gida, a kan tekunmu, da jiragen ruwan da aka tanada don a ga ko za a gano su.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi ciwo. Kuɗin saye bai fi kashi ɗaya cikin uku na abin da jirgi zai ci a rayuwarsa ba. Sauran na mai ne, da kayan gyara, da horo, da sabunta manhaja. Ana ware kuɗin saye sau ɗaya da biki, amma na kulawa sai an roƙa kowace shekara, da naira, alhali kayan da dala ake sayensu. In aka zaɓi mai mafi ƙarancin farashi ba a duba kuɗin shekara ashirin ba, araha ba ta ado. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, jirgin da ke yawo ƙasa-ƙasa sai an riƙa wanke jikinsa da injinsa da ruwa mai daɗi, in ba haka ba tsatsa ta ci shi. Na'urori kuma sun fi jirgin saurin tsufa: gangar jiki tana iya shekara talatin, kwamfutar da ke haɗa bayanai ba ta wuce goma kafin kayanta su ɓace a kasuwa. Wani lokaci jirgin yana tashi lafiya amma radarsa ta mutu, sai a mayar da shi na jigilar manya. Ga kuma mutane: ana tuna matuƙa, a manta da masu sarrafa na'urori a baya, waɗanda in aka canja musu wurin aiki ba a horar da magada ba, aikin ya tsaya.

Maganin yana cikin kwangilar farko. A haɗa kulawar aƙalla shekara biyar, a ɗaura biyan kamfani a kan kason kwanakin da jirgi da na'urorinsa suke a shirye, a ce kashi 75 cikin ɗari, da tara in ya gaza. A rubuta kwana nawa kayan gyara za su ɗauka kafin su iso, a ajiye kyamara da muhimman sassan rada na canji a sansani, a karɓi littattafan gyara da izinin yin matsakaicin gyara a gida. Inda hukuma ɗaya ta saya wata ke tuƙawa, kamar jiragen Deep Blue da NIMASA ta mallaka sojin sama ke sarrafawa, a rubuta tun farko wa zai biya mai, wa zai biya gyara, kuma wa ke da ikon cewa jirgi ya tashi.