Ƙudaje a ciyawar kunkuru: in yi feshi ko in zubar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina shuka ciyawar alkama a farantai cikin ɗaki, ina sayar wa masu kiwon kunkuru. Kwanan nan wasu 'yan ƙudaje baƙaƙe sun addabe ni, har kwastomomi sun fara dawo min da kaya. In sayi maganin feshi ne, ko in zubar da komai in sake lale?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar feshi ki cire ta daga ranki. Ciyawar nan cikin kunkuru za ta shiga, kuma masu kiwon dabba iri ɗaya sun san juna. Idan kunkurun mutum ɗaya ya kamu da ciwo bayan ya ci kayanki, labarin zai riga ki isa wurin sauran, kuma wannan asarar ta fi ta farantai nesa ba kusa ba.

Ƙudan da kike gani yana tashi ba ya wuce kamar mako guda a raye. Ɓarnar tana cikin ƙasa. Macen tana zuba ƙwai sama da 100 a ƙasa mai danshi, tsutsar ta fito tana cin funfuna da ƙananan saiwoyi. Daga ƙwai zuwa ƙuda, mako 3 zuwa 4 ne. Ciyawar alkama kuwa kwana 7 zuwa 10 ta isa sayarwa. Kin ga ke nan farantin da ya fita a kan lokaci bai isa ya ƙyanƙyashe miki ƙuda a ɗaki ba. Daga ina suke fitowa? Daga kwantai: tsofaffin farantan da kike ajiyewa ko Allah zai kawo mai saye, da buhun ƙasar da aka bari a buɗe. Ƙudajen da ke fitowa daga can su ne ke yi wa sabon kaya ƙwai, tsutsar ta bi faranti, ta je ta zama ƙuda a gidan kwastoma.

Saboda haka ba komai za ki zubar ba. Ki yanka ɗanyen dankalin turawa, ki kifa yankan a kan ƙasar kowane faranti, bayan kwana 2 ko 3 ki ɗaga. Inda kika ga 'yar tsutsa fara mai baƙin kai, wannan farantin ya tafi, ciyawa da ƙasa duka. Ki wanke shi tas kafin ya koma aiki. Na san zubar da kaya yana da ciwo, amma kwantan da ya haura mako 2 jarinki yake ci.

Sauran aikin na ruwa ne. Ki riƙa zuba shi ta ƙarƙashin faranti, ki bar saman ƙasa ya sha iska kafin ki ƙara, ki kunna fanka. Tarkon danƙo mai launin ruwan ɗorawa yana kama ƙudaje masu tashi, yana kuma nuna miki ko suna raguwa. Idan tsutsa ta yi yawa, akwai Bti, wata ƙwayar bakteriya da ake jiƙawa a ruwan shayarwa, tana kashe tsutsar irin wannan ƙudan da ta sauro. Ba ta taɓa ƙwai ko ƙuda mai tashi, don haka sai an maimaita kamar mako-mako. Ki bi abin da aka rubuta a jikin kwalin.

Daga yanzu ki riƙa shuka daidai odar da ke hannunki, ki rubuta ranar shuka a jikin kowane faranti. Waɗanda suka dawo da kaya kuma ki musanya musu kyauta, ki gaya musu ba ki sa maganin feshi, sannan ki nuna musu yadda za su shayar ta ƙasa.