Tambaya da Amsa: Wace hanya zan bi in hau Kilimanjaro?

Tambaya: Salam Malam, don Allah ina son hawa dutsen Kilimanjaro amma kwana biyar kacal nake da su, an ce min hanyar Marangu ta fi sauƙi, gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dutsen nan yana ƙasar Tanzaniya kusa da garin Moshi, tsayinsa mita 5,895, ƙololuwarsa ana ce mata Uhuru. Eh, Marangu tana da ɗakunan kwana, ba sai an kafa tanti ba, shi yasa mutane ke rububinta, amma kwana biyar ɗin nan ni wallahi bai kwanta min ba, domin abin da ke kayar da mutane a can ƙarancin iskar shaƙa ne, sai ka ga ƙato majiyi ƙarfi kai na sara masa, yana amai, ya kasa ko ɗaure igiyar takalminsa. Jiki na buƙatar lokaci ya saba.

In da hali ka nemi kwana bakwai ka bi Machame, ko takwas ta Lemosho, a nan ana hawa sama da rana a sauko ƙasa-ƙasa a kwana, kuma za ka ratsa katangar Barranco inda sai ka sa hannu ka dafa dutse. Umbwe kam ka bar wa gwanaye, ta cika tsaye.

Dole ka ɗauki ɗan jagora mai lasisi, doka ce. In ya ce maka "pole pole", wato sannu sannu da Suwahili, ka ji maganarsa. Hawan ƙarshe wajen tsakar dare ake farawa cikin sanyin da ke daskarar da ruwan gora, ka tanadi safar hannu da rigar sanyi mai kauri.