Yadda Ake Ɗaure Ɗacin Magani da Rezin

Tambaya: An rubuta wa ɗana maganin ruwa mai kauri wanda ba shi da ɗaci, mai shagon magani ya ce an ɗaure shi da rezin. Da na zuba masa a zoɓo sai ya tofar, ya ce akwai ɗaci. Mene ne wannan rezin, kuma yana rage ƙarfin maganin? Daga wata uwa a Mai Wurno, Jihar Sinnar.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba yaro lafiya. Harshe ba ya jin ɗacin abu sai ya narke a miyau, kuma a kan wannan ne dabarar rezin ta tsaya. Sukari da zuma rufe ɗaci kawai suke yi, shi ya sa idan maganin ya kai kwinin ɗaci, zaƙin kan wuce ya bar ɗacin a maƙogwaro.

Rezin wani gari ne mai laushi daga dangin roba, ba ya narkewa a ruwa, kuma jikinsa cike yake da gurabe masu cajin lantarki. Masana biyu a Ingila, Adams da Holmes, su ne suka fara ƙera irinsa a 1935, kuma danginsa ake amfani da shi wajen tace ruwa. Yawancin magunguna masu ɗaci, kamar kulorokwin da sifirofuloksasin, suna ɗaukar caji idan sun narke, don haka a masana'anta ana cuɗa su da rezin mai kishiyar cajinsu har su manne da shi kamar ƙarfe da maganaɗisu. A baki, inda miyau ba shi da tsami (a ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, kusan 7 ne) kuma gishirinsa kaɗan ne, maganin yana nan a ɗaure na 'yan daƙiƙun da ake buƙata a haɗiye shi. Da ya isa ciki, inda pH ke tsakanin 1 da 3, sai tsamin cikin ya kama gurbin maganin a jikin rezin, ya saki maganin jiki ya sha. Wannan shi ake kira musaya. Shi kuwa rezin ba ya shiga jini, bayan gida yake bi ya fita, saboda haka ƙarfin maganin bai ragu ba.

Zoɓon naki, wanda a nan Sudan ake ce wa karkade, yana da tsami ƙwarai, wato ya yi aikin ciki tun maganin yana cikin kofi, ya kwance shi kafin ya kai bakin yaro. Lemon tsami da tsamiya ma haka za su yi. A ganina garwaya magani da abin sha ba dabara ba ce ko da babu rezin, domin yaro kan bar saura, ba a san nawa ya sha ba.

Ba kowane magani ne yake ɗauruwa haka ba. Farasitamol da ƙyar yake ɗaukar caji, sai dai a lulluɓe shi ko a ƙara masa zaƙi.

Ki riƙa girgiza kwalbar sosai kafin ki auna, domin garin yana kwanciya a ƙasa da maganin a jikinsa. Ki ba shi da sirinji ko cokalin awon da ya zo da shi, sannan ya kora da ruwa.